Tsakaninmu Da Sararin Samaniya Kilomita Nawa Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau ya ɗan fita daga layin da muka saba, amma dalili ne ya kawo shi.

Kwanakin baya mun idar da sallar Magariba, ina cikin azkar, sai na ji hayaniya a ƙofar masallaci. Da na fito sai na tarar kowa ya ɗaga kai sama. Wasu fitilu ne farare a jere kamar carbi, suna tafiya a hankali, babu ƙara, babu ƙiftawa. Wani yana kabbara, wani yana salati. Wani dattijo daga cikin mutanen sahun farko ya kamo hannuna ya ce, "Liman, ko dai lokacin ne ya zo?" Kafin a kira Isha'i saƙon murya ya zagaye WhatsApp. Wannan ya ce aljanu ne suke ƙaura, wancan ya ce alamar tashin ƙiyama ce, wani kuma ya ce a tura wa mutum goma kafin gari ya waye.

Bayan kwana biyu wani ɗalibina ɗan aji shida na sakandare ya same ni da abin da ya fi wannan nauyi. Ya ce, "Malam, a makaranta an koya mana cewa mutane sun taka wata. Ni kuma na ji wani mai wa'azi yana cewa duk wanda ya yarda da haka imaninsa ya samu matsala, domin sama rufaffiya ce. Wa zan gaskata?" Wallahi da na kalli fuskar yaron nan na san ba gardama ya zo yi ba. Tsoro yake ji, gani yake kamar an ce ya zaɓi ɗaya, ko addininsa ko karatunsa.

Da na yi nazarin abubuwan biyu sai na ga tushensu ɗaya ne: ba mu san nisan abubuwan da ke samanmu ba. Gajimare da jirgi da tauraron ɗan'adam da wata da rana da taurari, duk mun haɗa su a kwano ɗaya mun kira su "sama". To bari mu bi su daki-daki, daga na kusa zuwa na nesa.

INA SARARIN SAMANIYA YA FARA?

Duniyar nan da muke kai, faɗinta daga wannan gefe zuwa wancan ta tsakiya kimanin kilomita 12,742 ne, zagayenta kuma kimanin kilomita 40,000. Kada wani ya ce ai lissafin Turawa ne. Tun wajajen shekarar 830 miladiyya Halifa Ma'amun ya tura masana falaki suka auna girman ƙasa a filin sahara. Bayansu Abu Raihan Al-Biruni, kusan shekara dubu da suka wuce, ya auna tsayin wani tsauni, ya auna yadda ƙarshen gani yake sunkuyawa daga ƙololuwarsa, ya fitar da adadin da ya yi kusa ƙwarai da wanda na'urorin yau suka tabbatar. Gadonmu ne, mu ne dai muka yi sakaci da shi.

Iska ce ta lulluɓe wannan duniya, kuma duk sama da ka yi tana ƙara raguwa. Tsaunin Everest, wanda ya fi kowane tsauni tsawo, mita 8,849 ne, bai kai kilomita 9 ba, amma mafi yawan masu hawansa sai da tulun iskar shaƙa. Jirgin da ke kai alhazai Jidda yana tafiya ne tsakanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Hadarin damina mai tsawa da walƙiya, duk girmansa, yawanci bai wuce kilomita 18 ba.

Babu wata katanga da za ka taɓa ka ce nan iska ta ƙare. Don haka masana suka yi ittifaƙi a kan wani layi, kilomita 100 daga doron ƙasa, suka kira shi layin Karman, da sunan wani injiniya haifaffen ƙasar Hungary. Wanda ya wuce nan ana cewa ya shiga sararin samaniya, saboda iskar wurin ta yi ƙarancin da fukafukin jirgi ba za su iya riƙe shi ba. Wasu hukumomi a Amurka ma daga kilomita 80 suke fara lissafi.

Ku tsaya ku ji fa. Kilomita 100 bai kai tafiyar Kano zuwa Zariya ba. Da a ce akwai kwalta miƙaƙƙiya zuwa sama, direba yana gudun kilomita 100 a awa, cikin awa ɗaya ya isa. Kenan mutumin Kano ya fi kusa da sararin samaniya fiye da kusancinsa da Kaduna.

Wannan haske da muke gani ya tsaga sama da dare mu ce tauraro ya faɗo, a wannan yanki yake faruwa, tsakanin kilomita 80 zuwa 120. Yawancinsa ɗan dutse ne da bai wuce tsakuwa ba, ya shigo iska da mugun gudu ya ƙone. Da tauraro na gaske ne ya faɗo mana, da babu wanda zai saura ya ba da labari, domin taurari irin rana ne a girma.

MASU KEWAYA DUNIYA A KUSA

Sama da layin Karman akwai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a nisan kimanin kilomita 400, wato kwatankwacin tafiyar Kano zuwa Abuja. Girmanta ya kai filin ƙwallo, kuma tun watan Nuwamba na shekarar 2000 ba ta taɓa zama babu mutum a ciki ba. Tana gudun kimanin kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai. Wanda ke ciki yana ganin fitowar rana da faɗuwarta kusan sau 16 a yini guda.

Na san mai karatun fiƙihu zai ce, to ya sallah? An riga an yi wannan tambayar a aikace. Musulmi na farko da ya je sararin samaniya shi ne Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, a 1985. A watan Oktoba na 2007 wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar a ƙarshen Ramadan, malaman ƙasarsa suka zauna suka tsara masa yadda zai yi ibada: ya bi lokutan wurin da kumbonsa ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iyawarsa. A 2023 Sultan Al-Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi kusan wata shida a can. Waɗannan masu sallah ne irinmu, sun je sun dawo.

Yawwa, mu dawo kan fitilun da suka tayar mana da hankali. Taurarin ɗan'adam ne na Starlink, masu ba da intanet, mallakar kamfanin SpaceX. Ana harba su da yawa a roka ɗaya, shi ya sa a kwanakin farko suke tafiya a jere kamar carbi, daga baya kowanne ya hau zuwa mazauninsa su warwatsu. Dubbai ne a sama yanzu, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka fara amfani da intanet ɗinsu, a farkon 2023. Hasken da muka gani ma ba fitila ba ce. Hasken rana ne yake dukansu, domin mu a ƙasa rana ta faɗi, su da suke can sama ba ta faɗi gare su ba tukuna. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan ganinsu bayan Magariba da kuma gab da Asuba.

Ita ma Najeriya ta harba nata. NigeriaSat-1 ya tashi daga Rasha a watan Satumba na 2003, ya yi shekaru yana kewayawa a kusan kilomita 700 yana ɗaukar hoton ƙasa kafin ya daina aiki.

ME YA HANA SU FAƊOWA?

Mutane da yawa suna zaton a can sama ƙasa ba ta janyo komai. Ba haka ba ne. A nisan kilomita 400 ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi ya ragu ne da kimanin kashi ɗaya cikin goma kawai.

Ga misali. Ka jefa dutse, zai yi baka ya faɗi a gabanka. Ka sa shi a majajjawa, zai faɗi can nesa. To ka ƙaddara an jefa shi daga inda babu iskar da za ta rage masa gudu, da gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa guda. Yana sunkuyowa zai faɗi, ita kuma ƙasa da yake mulmulalliya ce tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa daidai gwargwado. Sai ya zama kullum cikin faɗowa yake amma bai taɓa isowa ba. Wannan shi ne kewayawa. 'Yan sama jannatin da kuke gani a bidiyo suna shawagi, su da tasharsu tare suke wannan faɗowar, shi ya sa ba sa jin nauyin jikinsu.

Daga nan za ku gane cewa wahalar zuwa sararin samaniya tana wajen samun wannan gudu ne, nisan kam kaɗan ne. Gudun ne yake cinye man roka.

NA TSAKIYA DA NA NESA

Wayar da ke hannunka, idan ka buɗe manhajar alƙibla ko ta lokutan sallah, tana gane inda kake ne ta hanyar taurarin GPS. Suna can a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a yini.

Sai kuma dish ɗin da ke kan rufin gidanka, wanda kake kallon sallar Tarawihi daga Harami da shi. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa mai saiti yake ɗaure shi ya kalli wuri ɗaya shekara da shekaru? Saboda taurarin talabijin irin su Arabsat da Nilesat suna nisan kilomita 35,786 a saitin tsakiyar duniya. A wannan nisan zagaye ɗaya yana ɗaukar yini guda, daidai da juyawar ƙasa, sai ya zama a wurinmu kamar a tsaye suke cak. NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba daga Sin a watan Disamba na 2011, shi ma a wannan layin yake. Direbanmu na ɗazu, da zai nufi can babu tsayawa shan mai ko cin abinci, sai ya yi kusan kwana 15.

Abin mamaki, za ka ga mutum yana zaune yana kallon tafsiri ta dish, yana kuma rantsuwa cewa babu abin da ɗan'adam ya taɓa aikawa sama.

WATA DA RANA

Wata, wanda azuminmu da hajjinmu suke rataye da ganinsa, matsakaicin nisansa kilomita 384,400 ne. Wani lokaci ya matso zuwa wajen 363,000, wani lokaci ya ja baya zuwa wajen 405,000. Wato ya ninka nisan tashar sararin samaniya kusan sau dubu. Direbanmu zai yi kwana 160 a hanya, sama da wata biyar. Kumbon Apollo 11 a watan Yuli na 1969 ya yi kimanin kwana uku kafin ya isa, kuma daga 1969 zuwa 1972 mutum 12 ne suka taka shi. Sun bar wasu madubai a can, waɗanda har yau masana suke harba musu haske daga ƙasa ya dawo cikin kimanin daƙiƙa biyu da rabi, da haka suke auna nisan.

Rana kuma tana kimanin kilomita miliyan 150. A gudun motarmu shekara 171 kenan, sai dai jikokin jikoki su ƙarasa. Haske, wanda yake gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mana daga gare ta.

Ga wani abin lura. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa kusan sau 400, don haka a idonmu suke zama kamar girmansu ɗaya. Wannan ne ya sa wata yake iya rufe ta ruf a lokacin husufi. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ina ɗan makaranta a lokacin, kuma na tuna an sanar da ranar da lokacin tun kafin ta zo. Ba duba ba ne, ba sanin gaibu ba ne, lissafin tafiyar wata ne da rana, irin wanda muke fitar da jadawalin lokutan sallah da shi.

MU ƘANƘANTA SHI YADDA YARO ZAI GANE

Iyaye da malaman Islamiyya, ga abin da za ku iya yi da yara a tsakar gida. Ku ɗauki ƙwallon ƙafa ku ce ita ce duniya. A wannan ma'aunin layin Karman bai kai milimita 2 daga fatar ƙwallon ba. Tashar sararin samaniya milimita 7 ce, ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba. Tauraron dish yana santimita 62, kusan tsawon hannun babban mutum. Wata kamar lemo ne ƙarami, a ajiye shi a nisan mita shida da rabi. Rana kuma sai a nemo abu mai faɗin mita 24 a kai shi sama da kilomita biyu da rabi, wato wata unguwar daban.

TAURARI FA?

Zara, wadda muke ce wa matar wata, duniya ce 'yar uwar tamu da take kewaya rana, kuma ko a lokacin da ta fi matsowa tana wajen kilomita miliyan 40. Taurari na gaske sun wuce a auna su da kilomita, sai da tafiyar haske. Wanda ya fi kusa da mu bayan rana, haskensa yana yin sama da shekara huɗu kafin ya iso. Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, hasken da za ka gani daren yau ya baro ta sama da shekara 400 da suka wuce, tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da daɗewa. Akwai kuma wani ɗan farin tabo kamar gajimare da masanin falaki Abdurrahman As-Sufi ya rubuta bayaninsa wajajen shekarar 964. Yau an san gungun taurari ne mai suna Andromeda, tafiyar haske shekara miliyan biyu da rabi.

Abin da ɗan'adam ya ƙera da ya fi kowanne nisa shi ne kumbon Voyager 1, wanda babu mutum a cikinsa. An harba shi a 1977, ya wuce kilomita biliyan 24, amma da tauraron da ya fi kusa ya nufa, sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya isa.

AMSAR DA NA BA ƊALIBINA

Na ce masa, kai ɗana, zauna ka ji. A harshen Larabci, kamar yadda muka karanta wurin malaman lugga, duk abin da ke samanka ana kiransa sama. Rufin ɗaki sama ne, gajimare sama ne, sararin da wata yake iyo a ciki sama ne. Sammai bakwai kuma da aka ba mu labarinsu a wahayi, masu ƙofofi da mala'iku masu tsaro, gaibu ne da muka yi imani da shi, ba a auna shi da kilomita. Alƙur'ani ya nuna mana cewa taurari ado ne na sama ta kusa. To wanda ya je wata bai kai ko tauraro ɗaya ba, haske ma daƙiƙa ɗaya da 'yan kai yake yi tsakaninmu da wurin da ya je. Ina shi ina keta sammai? Ko zauren gidan bai fita ba. Don haka yarda da cewa an je wata bai taɓa imaninka ba ko kaɗan. Wanda ya yi shakka kuma saboda hujja ba ta iso masa ba, shi ma ba a fitar da shi daga addini, hujjar za a kawo masa. Na ga yaron ya yi ajiyar zuciya.

Ina roƙon 'yan uwana masu hawa mumbari, mu ji tsoron Allah a kan wannan. Idan muka ɗaura wa addini abin da bai faɗa ba, yaro zai je jami'a ya ga hujja da idonsa, sai ya ɗauka addinin ne ya yi kuskure, alhali mu ne muka yi. Haka kuma masu jan aya da ƙarfi su ɗora ta a kan kowane sabon labarin kimiyya, su ma su yi hattara, domin bincike yana canzawa, idan ya canza sai su bar mutane cikin ruɗani.

Ku kuma sauran 'yan uwa, ga yadda za ku bambance abin da kuka gani da dare. Mai ƙifta ja da kore jirgi ne. Mai tafiya a hankali da haske ɗaya, ya ratsa sama cikin 'yan mintuna, wani lokaci ya ɓace a tsakiya saboda ya shiga inuwar duniya, tauraron ɗan'adam ne. Wanda ya tsaga sama cikin daƙiƙa ɗaya ya mutu, ɗan dutse ne ya ƙone. Mai haske sosai a yamma bayan faɗuwar rana ko a gabas kafin fitowarta, wanda ba ya walwali kamar sauran, galibi Zara ce. Masu fita duban jinjirin wata su fi kowa kula da wannan, domin shaidarsu ake kai wa kwamitin ganin wata na Sarkin Musulmi, kuma azumin miliyoyin mutane yana iya ratayuwa a kanta. Sannan duk saƙon da ya zo maka da "tura wa mutum goma", ka tsaya ka bincika kafin ka tura. Tsoratar da Musulmi da abin da ba ka tabbatar ba ba ƙaramin abu ba ne.

Dattijon nan da ya kama hannuna, washegari bayan Asuba na zauna na yi masa wannan bayani, har da misalin ƙwallo da lemo. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Liman, ashe duk kurarin da suke yi ko faɗin yatsa ba su yi nisa ba." Na ce Baba, masu zama a tashar kam haka ne, waɗanda suka je wata ne suka kai wurin lemon. Ya yi dariya ya ce to Allah Ya ƙara mana sani.

Wanda yake da tambaya ya ajiye ta a ƙasa, in sha Allahu zan duba bayan Isha'i. A darasi na gaba za mu yi magana a kan dalilin da ya sa wata yake yin kwana 29 wani lokaci, wani lokaci 30.

Wallahu a'alam. Allah Ya sa mu dace, Ya amfanar da mu da abin da muka sani. Wassalamu alaikum warahmatullah.